Daɓen Kirya

"Turai! Ɗakin saurayi kika shigo kika durƙusa? Ba ki da kunya?"

Ban ko ɗago ba. Na ci gaba da goga samfefa a kan katakon, yatsuna duk sun yi ƙanta.

"Ɓarnarki nake gyarawa, Gwaggo."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ke fa!"

Ukasha kafinta ne a garin Ƙofa. Da ya gina ɗakin da zai saka ni, sai ya ce ba siminti ba tayil, daɓen katakon kirya zai yi mini. Kirya fa, itacen turmi, wanda ke cinye samfefa kafin ya yi santsi! Baba ya ce bai taɓa jin wannan wauta ba, amma ranar Juma'a zai je ya gani da idonsa. In ɗakin bai yi masa ba, a bar maganar auren.

Gwaggo Hasiya kuwa, ƙanwar Baba, ɗanta Yusif take yi wa kamfen ya aure ni.

Ranar Talata Ukasha ya tafi Kano sayo man da zai shafa wa daɓen. Sai ga Gwaggo da bokitai, wai ta zo taya wanke ɗakin amarya. Ta kwarara ruwa da omo a kan ɗanyen katako, ta dirje da tsintsiya kamar tsakar gida. Da ya bushe, daɓen da ya sha gugar sati biyu ya koma kaushi kamar harshen kyanwa.

Da Ukasha ya dawo, sai ya zauna a bakin ƙofa, kansa a gwiwa.

"Rabin raina... ni kaɗai ba zan gama kafin Juma'a ba."

"Wa ya ce kai kaɗai ne? Ba ni samfefa."

"Hannunki fa? Lalle yake jira..."

"Lallen wa, in an fasa auren?"

Kwana biyu ke nan muna gugar, mahaifiyarsa na zaune a bakin ƙofa tana tsare mana mutunci. Ashe yau Alhamis Gwaggo ba ita kaɗai ta zo ba.

Gyaran muryar Baba na ji a bayanta.

"Yaya, ka gani da idonka," in ji Gwaggo. "Ɗakin kamar akurkin kaji, 'yarka kuma ta zama lebura!"

"Tashi mu tafi, Turai," in ji Baba.

"Baba, ka yi haƙuri... ba zan tashi ba sai na gama. Ina son sa, Baba. Kuma ɗakina ne."

Ukasha ya zube ƙasa yana gaisuwa.

Baba ya shigo ya durƙusa, ya shafa inda muka goge. Shekara talatin ya yi yana sassaƙa kwale-kwale a bakin dam ɗin Tiga, tafin hannunsa ya fi idonsa sanin itace. Ya sake shafawa, a hankali.

"Wa ya jiƙa katakon nan?"

"Ni ce," Gwaggo ta ce da ƙarfin hali. "Taimako na yi."

"Kin kuwa taimaka. Ruwa ne ke tayar da gashin itace, gugar bayansa ita ce santsi na gaske. Kirya ba ta shan ruwa balle ta kumbura." Ya juyo ga Ukasha. "Kai, yaro, wa ya haɗa bakin katakon nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ko allura ba za ta shiga ba."

Gwaggo ta ja tsaki ta figi mayafinta ta fice, ko sallama babu.

Baba ya kama hannuna ya duba ƙantar, ya girgiza kai. Sai na ga ya naɗe hannun rigarsa.

"Kina ƙetare jijiyar itacen, shi ya sa kike wahala. Ba ni samfefar. Je ki gida ki ce wa uwarki ta nemi mai lalle."