Takalmin da Sarang Ya Aiko

A ɗakin gwajin jini na wani asibiti a birnin Sukkur, inda yake aiki, Sarang ya fara ganin Koonj. Ta haura shekara ashirin, amma kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Adi, wa kika rako?" ya tambaye ta, yana kiran ta 'yar'uwa da yarensu.

"Kaina. Ko sai na hau kujera za ka ɗebi jinin?"

Shi ne ya fara gaya mata gajartarta ba tsinuwa ba ce, kamar yadda matan ƙauyensu ke faɗa. "Jikinki yana aika saƙon girma," in ji shi. "Wasu sinadarai ne, enzayim, suke kashe saƙon kafin ya kai ƙashi. Ba abin kunya ba ne, Tsuntsuwata." A yarensu, Koonj sunan wata tsuntsuwa ne.

Ta yarda da shi. Nan ta yi saurin yarda.

Soyayya ta ƙullu har aka fara maganar aure. Ana jibi mahaifiyarsa za ta zo ganin ta, sai ga kwali, da takalmi mai tudu kamar bulo a ciki. Saƙo ya biyo baya: "Ki sa shi, ki saki riga ta rufe. Na ce wa Ammi kin kai kafaɗata."

Namijin da ke ɓoye abin da yake so matsoraci ne, komai iliminsa.

Ta amsa: "A bakinka na fara jin ba abin kunya ba ne. Ashe a asibiti kawai."

Ranar da uwar ta zo, Koonj ta shigo da shayi ba takalmi. Uwar ta dube ta, ta ajiye kofin. "Wannan ce? Jikokina fa?" Ta ja mayafi ta fita.

Koonj ta daina ɗaga wayarsa. Da ya gaji, ya kawo uwar har tsakar gidansu, ya ce, "Ammi, ni na yi ƙarya. Ita ba ta taɓa yi ba."

"Ka ɗauki bulonka," in ji Koonj. "Idan kana so na, kai za ka sauko."

Daga baya uwar ta amince. Ranar biki aka zo al'adar laun, inda dangi ke haɗa goshin ango da na amarya. Wata goggo ta miƙo matashi a ɗaga Koonj. Uwar Sarang ta ture shi, ta kama ƙeyar ɗanta ta danna ƙasa.

"Sunkuya, maƙaryaci. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Ya sunkuya har goshinsu ya haɗu.