Rakiyar Mai Ƙararrawa

Habu ya sayo ƙararrawar wani tsohon jirgin ruwa a Birmingham, ya kawo ta gidan da yake zaune a Salford, ya ajiye ta gefen kamfas mai nuna alƙibla da hulunan matuƙa jirgi da yake tarawa. Yana idar da sallar magariba aka yi sallama a ƙofa.

Wani dattijo ne cikin kwat mai nauyi, Hausarsa irin ta kakanni. Bai zauna ba, bai kuma taɓa shayin da aka kawo masa ba. Ƙararrawar kawai ya shafa.

"Ta jirginmu ce, ɗana. Daga Ikko muka taso da ita. Ni nake zuba wa injin kwal."

Ƙarnin teku ya cika ɗakin. Kafet ya jiƙe a inda yake tsaye, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

Da ya juya zai tafi, bakin Habu ya riga tunaninsa. "Baba, bari in taka maka."

Dattijon ya yi murmushi. "Kai ka faɗa."

Suka wuce tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, suka gangara bakin ruwa. Habu ya so tsayawa, ƙafafunsa suka ƙi. Takunsa kaɗai yake ji. Daga wajen dattijon sai ɗigar ruwa.

Sanyi ya ratsa takalman Habu, ruwa ya kai idon sawu.

"Baba, don Allah, a nan zan juya."

"Haba ɗana, ana barin baƙo a hanya? Ai gidan yana ƙasa."

Daga ƙarƙashin baƙin ruwan, Habu ya ji ƙararrawar da ya bari a ɗaki tana kaɗawa.