Mai Tonon Ƙashi

Ran Lahadi ce, kasuwar Illela tana ci, wani ɗan kabu-kabu ya taka burki a bakin tasha, buhun fasinjansa ya faɗi ya yage. Duwatsu suka watse har gaban Salma, malamar bayoloji a wata makarantar 'yan mata. Ta duƙa ta ɗauki ɗaya, ta jujjuya shi.

"Wannan ai ƙashin baya ne," ta ce a hankali. "Amma ya zama dutse."

Mai buhun ya daina tsince-tsincen, ya ɗago ya dube ta.

"Shekara biyu ina yawo da su, ke ce ta farko da ta gane."

Sunansa Zainulabideen, ɗan Sakkwato, yana digiri na biyu kan ilimin duwatsu. Ya ce ƙashin na wata dabbar teku ne da ta rayu zamanin dainoso, ƙattin dabbobin da suka shuɗe, lokacin da ruwa ya rufe ƙasar nan. Salma ta roƙe shi ya zo ya yi wa ɗalibanta bayani. Ya zo. Washegari saƙonsa ya shigo:

"Malama Salma, ɗalibanki sun yi mini tambayoyi na amsa. Amma tun da na bar ajinki na kasa karanta ko layi guda. Ni kuma wa zan tambaya?"

Sai da ta karanta sau uku kafin ta rubuta:

"Tambayi zuciyarka, Malam Zainu. In ta faɗa maka gaskiya, gidanmu yana Garu, sunan mahaifina Jabiru."

Malam Jabiru Bafulatani ne da ya taɓa mallakar garke babba. Shekaru huɗu da suka wuce shanun suka ƙare, shi kuma tun lokacin magana ta yi masa nauyi. Kafin Zainu ya aiko manyansa, Boyi, wani ɗan canji da ya daɗe yana son Salma ba ta amsa ba, ya riga shi zuwa. Ya ce wa tsohon wai saurayin nan kaburbura yake tonawa, yana kai wa matsafa ƙasusuwa a hayin iyaka.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai tonon ƙashi," in ji Malam Jabiru.

"Baaba, wallahi ba na mutane ba ne..."

"Salma, na gama."

Ta yi biyayya. Mako uku wayarta na ƙara ba ta ɗauka, ta rame har ɗalibai suna tambayarta ko lafiya. Sai ga saƙo:

"Salmata, an ce mini an ba Boyi ke. In haka ne, Allah ya sanya alheri. Ba zan ƙara damunki ba, amma ban san yadda ake daina sonki ba."

Ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta amsa:

"Ƙarya ce, Zainuna. Ba a ba kowa ni ba. In kana da gaskiya, zo ka faɗa wa Baaba da bakinka."

Da hantsin Asabar ya iso Garu da kawunsa Mukhtari. Salma tana bayan zana, tana saurare. Bayan gaisuwa, Zainu ya durƙusa ya ajiye ƙashin a gaban tsohon.

Malam Jabiru ya ɗauka ya shafa, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Wanda ya tsufa cikin dabbobi ba a ruɗe shi da ƙashi.

"Wanga ba na mutum ba ne. Ba na sa ba, ba na raƙumi ba." Zainu ya ce masa na dabbobin teku ne da suka ƙare tuntuni, tsohon ya dube shi. "Mi ya kashe su?"

"Baba, masana ba su gama yarda da juna ba. Mafi yawansu sun ce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama, shekara miliyan sittin da shida da suka wuce. Ƙura ta rufe rana, ciyawa ta mutu, masu cin ciyawa suka bi ta, masu cin nama suka bi su. Wasu sun ce duwatsu ne suka daɗe suna aman wuta a ƙasar Indiya, iska ta gurɓace. Wasu kuma sun ce teku ta janye, yanayi ya sauya."

"Kai wanne ka ɗauka?"

"Ban sani ba, Baba. Allah ne masani. Nema nake."

Tsohon ya juya ya dubi turakun da ba ko ɗan maraƙi a jikinsu. 

"Nawa ma ba abu guda ya kashe su ba. Fari ya fara raunana su, na kai su nesa neman ciyawa suka gaji, sannan ciwo ya zo ya same su ba ƙarfi. Da guda-guda suka zo, da sun tsira."

Salma ta toshe bakinta da gyale. Shekara huɗu ke nan ba ta ji ya ambaci shanun ba.

Malam Jabiru ya share ido da hannun riga, ya dubi Mukhtari.

"Yaron da ke iya cewa bai sani ba, ba maƙaryaci ba ne. Ku turo."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Salma ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, Zainu a gefenta. Tsohon ya ɗora hannu a kansu.

"Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya haɗa kanku. Wahala kam ba ta barin kowa. Amma ina roƙon Allah, in za ta zo muku, ta zo guda-guda, ta kuma same ku tare."

"Amin, Baaba," suka ce.