Ƙofar Gaba

"Ki bi ta baya, Ozella... don Allah ki bi ta baya!"

Cleophus ne. Shi ke sharar makarantar farar fata ta garinsu, wadda kotu ta tilasta wa karɓar baƙar fata daga gobe. Sauran ɗaliban baƙar fata duk iyayensu sun janye su, saura Ozella.

"Makullan na hannuna, in buɗe miki ta wajen kicin, ba mai ganinki."

"Tun ina goye muke kai wa farar fata wanki ta ƙofar baya ni da Mama. Karatun ma ta can zan shiga?"

"Jifan ki za su yi, masoyiyata! An ce in ɗaure ta gaban da sarƙa."

"Kai kuma ka ce to?"

Ya sunkuyar da kai. A jihar Mississippi ta Amurka baƙin mutum bai cewa a'a ya kwana lafiya, ta sani, amma sai da zuciyarta ta yi zafi. Ga mahaifiyarsa ta rantse ba za ta karɓi surukar da za ta ja a ƙone musu gida ba. Ga Verlie, mai waƙa a coci da ita ma ke son sa, kullum tana can da gurasar masara tana ƙara zuga tsohuwa.

Da safe titin makarantar ya cika maƙil da farar fata. Zagi, tofin yawu, har da mata masu riƙe da jarirai.

Tsoro ya rufe ta. Ba ta ankara ba sai ga ƙafafunta sun karkata zuwa lungun baya da kansu, yadda suka saba a gidan kowane farar fata. Aka fashe da dariya.

"Yauwa! Ta san wurinta!"

Ta tsaya cak, ta juyo, ta hau matakalar gaba. Ta cikin gilashi tana ganin sarƙar.

Sai ga Cleophus daga ciki, ya kwance ta, ya wangale ƙofar a kan idon kowa.

"Shigo, Ozella."

Wurin ya yi tsit. Can wani ƙato ya ce a hankali,

"Mun san gidanku, yaro."

Kafin rana ta faɗi ƙannen mahaifinsa suka kai shi tashar jirgin ƙasa mai zuwa Chicago can arewa don ya tsira, mahaifiyarsa na kuka tana tsine wa Ozella.

Ya riƙe hannun Ozella ta tagar jirgin.

"Ki biyo ni, mu yi aure can... ba zan iya dawowa ba."

"In na tafi, a banza ka buɗe ƙofar, Cleo."

"Na san haka za ki ce, shi ya sa nake son ki..."

Jirgin ya ja, ta bi shi da gudu har hannayensu suka rabu. Ta durƙusa ta yi kuka mai isarta.

Washegari da ta isa makaranta taron ya ninka na jiya, kuma babu kowa a ciki da zai buɗe mata. Ta rungume littattafanta ta hau matakalar.