Ranar da Rukayya Ta Soke Biki

Rukayya na zaune a tsakar gidansu a Isa, waya a hannu, tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da kiran mai lalle, ta ce kada ta zo ranar Laraba. Matar ta tambayi dalili, Rukayya ta ce an ɗage biki, ta kashe wayar. Ta kira mai hayar rumfa da kujeru, da matar da za ta dafa shinkafar walima. Telan Sabon Birni kuwa ta ce ya bar ɗinkin ankon yadda yake. Inna, mahaifiyarta, na bakin murhu tana share hawaye da gefen mayafi, Rukayya kuwa kamar saƙon wata take isarwa.

Makon da ya wuce ne Mubashshir, malamin Islamiyyar da za ta aura, ya shiga bas zuwa Sakkwato don ƙarasa sayen kayan lefe. Taya ta fashe a hanya, motar ta faɗa rami. Ya rayu, amma sai da likitoci suka yanke ƙafarsa ta hagu daga gwiwa.

Baffa Lawwali, wan mahaifinta, ya zo daga Turba da tasa maganar. Ya ce wannan ba zancen ɗagewa ba ne, a fasa kawai. Yarinya ɗanya ba za ta fara zaman aure da jinya ba, kuma mai ƙafa ɗaya ba zai riƙe gona ba. Mahaifinta, Malam Usmanu, yana zaune yana jan carbi.

Shi ma Mubashshir ya kira ta daga asibiti. Ya ce ya yafe mata alkawarin da ke tsakaninsu, ta nemi mai lafiya. Ta ce to. Ta ajiye wayar ta ci gaba da tankaɗe.

Haka ta yi makonni. Tana cin tuwo ba ta jin ɗanɗanonsa. Ƙawarta Sa'adiyya ta ce ta goge hotunansa daga waya ko ta samu sauƙi, Rukayya ta miƙa mata wayar ta ce ta goge da kanta.

Ranar da Baffa ya dawo don a aika wa dangin ango cewa an fasa, Rukayya ta fito ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, duk wanda kuka ce in sallama na sallame shi. Amma kai ka ba su ni a gaban jama'a. In ka ce a fasa, za ni bi umarninka. Sai dai ka sani, ba ƙafatai na yi wa alkawari ba."

Baffa ya ce yarinta ke damunta. Malam Usmanu ya juya ga wansa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Da ɗiyata ce a gadon asibitin, ba za ni so a aiko mani da irin wanga saƙo ba."

Baffa ya tashi ya hau babur ɗinsa, ya daina taka gidan.

Ita da Inna suka tafi Sakkwato. Da Mubashshir ya gan su, ya ja zane ya rufe ƙafar, ya juya fuskarsa bango. Rukayya ta zauna a kujerar gefen gadon.

"Malam, to ɗin da na ce maka a waya, na janye ta."

Bai juyo ba, amma ta ji yana kuka. A nan ne kukan da ta kasa yi tun ranar haɗarin ya zo mata, har Inna ta riƙe ta.

Bayan an gama girbin gero, Mubashshir ya koma ajinsa yana dogara sanda. Aka sa ranar Juma'a, ba kiɗa ba taro. Ana shirin ɗaura aure sai ga Baffa Lawwali ya ratso sahu. Ya tsaya yana kallon angon, wanda ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna ƙasa tare da jama'a. Baffa ya ce shi ne babba a gidan, don haka shi zai yi waliyyi. Da bakinsa ya ce ya bayar.

Shagali ana iya soke shi da waya, gobe a shirya wani. Alkawarin da aka ɗaukar wa mutum kuwa amana ne, kuma wanda ya riƙe shi a ranar wuya, Allah ba ya barinsa ya ji kunya.