Kaskon da Aka Binne a Hanyar Dugabau

Shekara uku Sauda tana fama da sanyin gwiwa. Likita ya ce tsufa ne da tsayuwa cikin ruwan fadama, ya rubuta maganin da ya fi ƙarfin gidan. Masu bori kuwa tun zuwan Shari'a suka shiga ɓuya. Ƙanwarta Yelwa, wadda ta goya tana jaririya, ita ce ke gasa mata ƙafa safe da yamma, ba ta taɓa yamutsa fuska ba.

Ran nan bayan la'asar Sauda ta aike ta Dugabau karɓo man shafawa.

"Ki bi ta mararrabar Gude, 'yar ƙanwata, ta fi kusa."

Yelwa sarkin biyayya ta yafa mayafi ta fita.

Rana ta yi ja lokacin da ta iso mararrabar. Ba kowa. Sai ƙamshin turaren wuta, da wani ƙarni kamar na rijiyar da aka daina ja. Ta taka wani wuri mai laima, ƙasa ta burma. Kasko ne aka binne, cike da ruwan wanka. Ko yaro ya san wannan aikin: majinyaci ya wanke cutarsa, wanda ya fara takawa ya kwasa.

A cikin kaskon akwai ƙyallen zane. Ta san shi. Ita ta wanke shi jiya.

Sanyi ya kama idon sawunta, ya fara hawa.

Ƙas. Ƙas.

Ƙarar gwiwa ce, a bayanta.

Ta waiga. Wata 'yar tsohuwa ce ke rarrafowa, jikinta na ɗigar ruwa, gwiwoyinta kamar ƙwarya.

"An ce in tashi daga can," in ji ta cikin raɗa. "An ce ke ce sabon masaukina."

"Wa ya ce?"

"Wadda ta goya ki."

Hannu mai sanyi ya damƙi gwiwarta.

Yelwa ta ƙwalla salati, ta fizge. Ta faɗi, ta tashi, ta ja ƙafa har gida.

Tun daga zaure ta ji lugude. Sauda ce tsaye kan turmi, tana daka da ƙarfin budurwa. Ba ta tambayi man shafawa ba. Gwiwar Yelwa kawai ta kalla, ta kau da kai.

Wannan kallon ya fi aljanar yi wa Yelwa ciwo.

Yau da sanda Yelwa take tafiya. Kullum da yamma Sauda kan ɗora ruwan gashi ta kawo mata har ƙofar ɗaki. Nan yake hucewa.