Busar Wanda Ya Faɗi

"Kai ka ce mana ba kowa a shagon!"

"Lahadi ce, Yaya! Duk Lahadi yana fita da 'yan kulob ɗin kekuna!"

"To wannan da ke kwance fa? Fatalwa ce?"

Idon Corin na kan tsohon. Baba Alwyn, mai shagon, yana yashe a gindin kanta, hannu dafe da ciki, jini na bin tsakanin yatsunsa. Gwiwarsa ɗaya naɗe da bandeji. Ashe ciwon gwiwa ne ya hana shi hawa keke yau.

Guduma, na ukunsu, yana tsaye yana huci, bindiga mai yankakken baki a hannunsa.

"Shi ya taso mini da sanda."

"Sandar dogarawa ce, jaki!" in ji Corin.

"Sake ce mini jaki ka gani."

"Dalla ku rufe mini baki!" Fergal ya daka tsawa. Shi ne yayan Corin, shi ne kuma oga. "A kwashe kaya. Yanzu!"

Tas! Gilashin akwatin da kayan ke ciki ya tarwatse.

Ga su nan jere a kan jan ƙyalle. Usur na mahaya keken da, tun zamanin kekuna masu ƙatuwar taya a gaba, lokacin da mahayi ke tafe da usur a baki yana korar mutane da dawakai daga hanya. A nan Birmingham aka ƙera su, a lungunan da ke bayan shagon nan. Tagullarsu ta yi duhu. Baba Alwyn bai taɓa yarda a goge su ba, ya ce duhun nan shi ne shekarunsu. Wani Ba'amurke mai tara irinsu ya daɗe yana nacin a sayar masa, tsoho ya ƙi. Da ya gaji, sai ya nemi Fergal.

Fergal kuma ya nemi ƙanensa. Corin ya san shagon ciki da bai. Tun mahaifinsu na da rai yake hawa tare da 'yan kulob ɗin tsofaffin kekuna. Shi ya san ƙofar baya tana buɗewa in an ɗaga ta kaɗan. Shi ya ce Lahadi da hantsi.

Suna zuba kayan a jaka, tsohon ya motsa kai.

"Corin? Kai ne, ɗana?"

Hular da ta rufe fuskar Corin ba ta rufe muryarsa ba.

Guduma ya ɗaga bindiga. "Shi ke nan, ya gane. Bari in ƙarasa shi."

"Bar shi," in ji Fergal, yana fizge wayar shagon daga bango. "Ba zai kai rana tsaka ba. Mu ware!"

A bakin ruwa, tsohuwar hanyar jiragen kwal, 'yan kulob sun jingine kekunansu a gindin gada suna shan shayi. Maud, matar Baba Alwyn, ita ke jan tawaga yau.

"Maud, mijin naki tsufa ne ko lalaci?" wani mai farin gashin baki ya tambaya.

"Duka biyun. Kai kuma ka rage cin kek ɗin nan, tayarka na kuka."

Aka kwashe da dariya. Har Sajan Prosser, ɗan sandan da ke tsayar musu da motoci in za su tsallaka babban titi, ya murmusa daga cikin motarsa.

Kowannensu da usur rataye a wuya. Kulob ɗin yana da doka guda da ta girmi kowa a cikinsu: busa doguwa, doguwa, gajeriya, wani ya faɗi. Duk wanda ya ji sai ya maimaita, ya nufi wurin. Ba tambaya.

A lungun bayan shago, farar motar kaya tana ruri. Guduma a sitiyari, Fergal ya jefa jakar ciki. Corin ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a dunƙule.

"Shiga mota!"

"Zai mutu, Yaya. Ba ni wayata in kira asibiti."

"Wayoyi suna gida, ka manta? Shiga!"

"Shi ya ɗauki gawar mahaifinmu tare da mu."

"Ya san muryarka, sakarai! In ya tashi, mu mun kwanta. Ni ba zan koma gidan yari ba saboda wani tsoho. Na ce shiga!"

Corin ya buɗe hannu. Usur ne guda da ya ɓoye daga cikin na akwatin, ƙarami, mai 'yar fanka a ciki wadda ke juyawa ta yi kukan jiniya. Da shi Baba Alwyn ya koya masa dokar.

Fergal ya gani. Fuskarsa ta canza.

"Corin. Ƙanina. Kar ka—"

Wuuuuu! Wuuuuu! Wup!

Kukan ya tsaga lungun, ya haye rufin gidaje. Fergal ya kai masa naushi a baki, haƙori ya fita, usur ya faɗi. Guduma ya leƙo da bindiga.

"Matsa in sheƙe shi!"

"Taɓa shi in kashe ka!" in ji Fergal.

Sai suka ji. Daga bakin ruwa. Doguwa, doguwa, gajeriya. Wani ya karɓa. Wani ma. Unguwa duk ta ɗauka.

Fergal ya dubi ƙanensa sau ɗaya. Ya faɗa mota.

Maud ta riga kowa hawa keke.

"Wannan kukan na Alwyn ne! Daga shago ne!"

Sajan Prosser ya zubar da shayinsa, ya kunna jiniya, yana kiran motar asibiti a rediyo.

Guduma ya fito da motar daga lungu a guje. Gabansa tsofaffi ne a kan dogayen kekuna, sun cike titi, suna busa. Bayansu motar 'yan sanda.

"Sai na bi ta kansu!" ya faɗa, ya ƙara wuta.

"A'a!" Fergal ya cafki sitiyari ya murɗa.

Ƙiiii — garam! Ƙarfen gada ya karye. Motar ta yi sama, ta juya, ta faɗa ruwa da ka.

A cikin shago, Corin ya cire rigarsa ya danne raunin da hannu biyu. Jinin ya ƙi tsayawa.

Baba Alwyn ya buɗe ido da ƙyar.

"Gajeriyar nan," ya ce, "har yanzu kana ja mata tsawo."

"Ka yi shiru, Baba. Suna zuwa."

"Na ji su."

Sun zo. Amma kafin a ɗora shi a gadon motar asibiti, rai ya yi halinsa, hannunsa ya saki na Corin.

Guduma aka fara cirowa daga ruwa, da karyayyen baya, yana zagin kowa. Fergal ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Da aka fito da shi babu rai, aka lulluɓe shi da bargon da 'yan kulob suka sha shayi a kai. Jakar ta fashe. Usur ɗin da tsoho ya kwashe rayuwarsa yana tarawa suka nutse cikin baƙin taɓo. Guda ɗaya ya rage, a lungu, da jinin bakin Corin a jikinsa.

Sajan Prosser ya sa wa Corin ankwa a hankali, kamar mai jin kunya. 'Yan kulob suka dare, ba wanda ya dube shi.

Sai Maud. Ta tsaya a gabansa, hular hawanta a hannu. Ba ta yi kuka ba.

"Kai ka busa?"

Ya gyaɗa kai.

"Na sani. Shi ya koya maka." Ta dubi shagon, ta dawo da idonta kansa. "Ƙofar baya fa, Corin? Wa ya nuna musu yadda ake ɗaga ta?"